Tarwaɗar da Taubashina Ya Kawo

Da na ajiye aiki na dawo gidanmu na cikin birni, abin da na fara girkawa a zaure shi ne akwatin gilashi na kiwon kifi. A Istanbul na taɓa tambayar wani mai sayar da irinsa, da ɗan Turkancina, kifi nawa zai ɗauka. Ya auna tsawo da faɗi, ya ce in na cika su iska ba za ta ishe su ba. A Alƙahira na yi tambayar da Larabci, mai shagon ya ce zai ɗauki duk abin da na saya. Na bi maganar Baturken. Na zuba 'yan jajayen kifaye kaɗan, cikinsu har da wata mai jela kamar gyale, wadda nake zama ina kallo bayan la'asar.

Na manta cewa a Zazzau ba a ce wa baƙo babu wuri.

Taubashina, ɗan ƙanwar babana, manomi ne a wani ƙauye, yakan shigo birni sallar Juma'a ya biyo ta wurina. Ya leƙa gilashin, ya girgiza kai.

"Baturen cikin birni, wannan ƙaton ɗaki na 'yan tsirarun nan ne? Rowa har a ruwa?"

"Iska ce ba za ta ishe su ba."

"Iska a cikin ruwa? Lallai yawon duniya ya taɓa ka."

Da Juma'a ta zagayo sai ga shi da bokiti, ciki da 'yar tarwaɗa, ba ta fi yatsa ba. Ya jira sai da zaure ya cika da maƙwabta, sannan ya ce, "Ga baƙuwa na kawo maka. In babu wuri, faɗi da bakinka mu koma."

Kowa ya zuba mini ido. Na ce akwai wuri.

Baƙuwa ta kwanta a ƙasan gilashi, gashin baki kamar na tsohon soja, ladabi kuwa kamar amarya. Ba a jima ba na ga masu gida suna raguwa. Fitar da ita ba hali, don duk Juma'a taubashina sai ya gaishe ta kafin ya gaishe ni. Na shiga ɗura mata tsutsa da gara ko za ta ƙoshi ta bar su. Sai ƙara girma ta yi, cinta ya ƙaru. Wata safiya na tarar saura mai gyale kaɗai, ta laɓe a kusurwa, rabin gyalen babu.

Na shiga cikin gida na yi magana da matata Hajiya. Ta ce dama ta daɗe tana auna tarwaɗar nan da ido.

Ranar Juma'a na ja taubashina ɗakin ciki tun kafin ya duba gilashi, aka kawo masa farfesu da yaji da citta. Ya cinye, ya suɗe kwano, ya ce a ƙauyensu ma ba a samun kifi mai maiƙo haka. Da muka fito zaure ya leƙa, ya sake leƙawa.

"Ina baƙuwata?"

"Masaukin ya yi mata kaɗan, na sake mata wani. Kuma ban ji ka ce babu wuri ba."

Ya dafa cikinsa, ya dube ni, ya dubi mai gyale tana yawonta ita kaɗai da guntuwar jela.

"Kai dai mugu ne tun muna yara. A ce wa Hajiya gishiri ya yi kaɗan."