Furar da Na Sha wa Honarabul

Wautata ba ɓoyayya ba ce, kowa a Ƙanƙara ya san ta: na ƙare ƙarfina ina shan fura a madadin wani.

Wanin nan, wato Honarabul, ɗan babban gida ne. Kakansa ya riƙe ƙasa, mahaifinsa ya yi babban muƙami a gwamnati, shi kuwa a Kaduna ya tashi, ya yi karatu har ƙasar waje. Da siyasa ta kaɗa, manyan gidansu suka zauna suka ce shi zai fito takara, kamar masu rabon gonar gado. Ni firamare kawai na leƙa, malamin ya gaji, ni ma na gaji, muka rabu lafiya. Mahaifina ya yi wa nasa barantaka, shi ya sa da aka tashi neman ɗan rakiya aka tuna da ni.

Matsalar Honarabul guda ce, cikinsa na birni ne. A ƙauyukanmu kuwa baƙo ba ya faɗin abin da ke tafe da shi sai ya sha abin da aka kawo masa, kuma wanda ya sha furarka ya zama naka, ba a sa ran ya yi maka ƙarya. Fitarmu ta farko, a Ketare, ya yi ta maza ya zuba ludayi biyu. Da muka juyo, kowace gonar dawa ta bakin hanya sai da ya gaisa da ita. Daga ranar aka yi tsari: ya ɗauki ƙwarya, ya yi bismilla, ya taɓa leɓe, ya miƙo mini. Ni in shanye, in yi gyatsa, in yi godiya da yawunsa.

Haka muka ci ƙaramar hukuma, muka ci majalisar jiha, muka wuce Abuja. Na ce "muka", amma iyakata ƙofar gidansa. Shi yana hawa, ni ina ajiye tumbi.

Dangin mahaifiyata suna wani ƙauye can bayan Sabuwa, rafi ya raba su da titi. Gada suke roƙo, ba su taɓa roƙon wani abu ba. Duk zaɓe mukan je, Inna, ƙanwar mahaifiyata, ta dama fura da hannunta. Mai gari ya ce, "Ranka shi daɗe, maganar gadag ga fa?"

Honarabul ya ce, "Muna kan dubawa."

Ni kuwa, da gasarar gero a gemuna, sai in ƙara gishiri: "Kun dai ji da kunnenku. Kafin damina!"

Damuna nawa suka wuce, ban riƙe ba. A ɗaya daga cikinsu ɓarayin daji suka faɗa wa ƙauyen, ranar rafi ya kawo. Motar jami'an tsaro ta zo har bakin ruwa, ta tsaya, suna hangen hayaƙi. Waɗanda suka tsira suka watse, Inna ta samu ɗakin aro a Mairuwa, ba mijinta, ba ɗanta na fari.

Honarabul bai je jaje ba. Ya kira ni ya ce, "Malam, kai ka san bakinsu, ka isar mini da gaisuwa." Ya gaji shi ma, furfura ta fito masa, gidan sun ce wannan karon ƙanensa ne zai tsaya. Aka loda mini buhun shinkafa mai hoton ƙanen.

Na tarar da Inna zaune a kan tsohon buhu tana tsince gero. Ko ruwa ba ta ce a kawo mini ba, ni da nake shan furarta tun ban san kaina ba. Na yi gaisuwa, ta amsa. Ta ci gaba da aikinta, sai na kama zagin Honarabul, na haɗa da ubansa da kakansa, ko za ta ɗago ta dube ni. Ta bar ni har yawuna ya ƙafe.

Ta ce, "Bar zagin ɗan mutane. Shi leɓe ya sa, duk muna gani. Kai ka shanye."