Bokitin da Na Ciyar a Ɓoye

Ko na tsufa har ina neman tabarau alhali yana kan hancina, ba zan manta da shekarar da na kusa kayar da 'yata jarrabawar ƙarshe da kashin tattabara ba.

Autata ce, tana karatun ƙasar noma a jami'a a Manchester. Da ta fara gaya min sai na ce, "Ni na gudo daga lakar fadama, ke kuma ita kika tafi jami'a nema?" To ɗakinta na unguwar Hulme rana ba ta leƙa shi, sai ta kwaso bokitai uku ta kawo gidanmu a Handsworth, inda muke da ɗan ɗakin gilashi a baya. Ta dasa shinkafa a kowanne, ta cika su da ruwa kamar fadama. Na farko ta sa masa takin zamani, na biyu takin shanu, na uku ba ta sa masa komai ba. Ta ce a cikin lakar akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ke dafa wa saiwa abinci, tana so ta ga wane taki suka fi so, wanne kuma zai fi ba da tsaba.

"Umma, ruwa kawai za ki riƙa ƙara musu. Don Allah kar ki taɓa komai."

Na ce to.

Ba a yi wata biyu ba na takin zamani ya miƙe kore shar, yana wani fankama. Na takin shanu yana biye a hankali. Na ukun kuwa ya yi rawaya, ya rame kamar wanda ya tashi daga zazzaɓi. Ni kuma a gidan da na taso ba a ba yara biyu a bar na uku yana kallo. Ina shan shayi a gabansa sai in ji kamar ido ya zuba min.

Maƙwabcinmu wani dattijo ne ɗan Pakistan mai kiwon tattabaru. Na roƙe shi kashinsu, ya dube ni ta saman katanga, ya dai cika min gwangwani. Na jiƙa shi yadda babana yake yi, na zuba wa marayan nawa, na shafe lakar da hannu don kar a ga alama. Nan da nan ya farfaɗo. Ni har wani daɗi nake ji, kamar na yi sadaka.

Duk Asabar yarinyar takan zo ta ɗebi laka da cokali ta zuba a 'yan kwalabe. Wata Asabar ta shigo ko takalmi ba ta cire ba.

"Umma, Baba, na gano abin da ba a taɓa ganowa ba. Bokitin da ba shi da taki ya fi na takin zamani halittu, zangarniyarsa ma tana cika. Litinin zan gabatar a gaban malamai."

Babanta, wanda ya taɓa kama ni da gwangwanin, ya ajiye kofinsa ya ce, "Ikon Allah. Ko tattabarun maƙwabta ne suka sa shi a addu'a?"

Na harare shi. Ta ce, "Wane tattabaru?"

Na ce miyata tana ƙonewa, na shige kicin, alhali ko tukunya ban ɗora ba. Ina tsaye a can na hango ta ranar Litinin a gaban manyan malamai, tana faɗin ƙaryar da ni na dafa mata. Na fito na faɗi gaskiya.

Ta zauna a ƙasa daɓas. "Umma, da gangan na bar shi. Da yunwarsa ake auna ƙoshin sauran. Yanzu da me zan auna?" Ta yi kuka, aikin wata huɗu ya tafi. Sati biyu ba ta ɗaga wayata ba.

Allah ya sa malaminta mai sauƙin kai ne. Ya yi dariya, ya ƙara mata lokaci ta sake dasawa, ya ce ta ƙara bokiti na huɗu na kashin tattabara. Dole ta kira ni tana ciccin magani. "Nawa kika zuba?" Na ce, "Gaishe ni tukuna." Ta gaishe ni, na ce rabin gwangwanin tumatir.

Wannan karon a jami'a aka ajiye bokitan, a ɗaki mai makulli. Ta ci jarrabawarta. Ta ce takin zamani ya fi saurin ganye, amma lakar da ta sha takin dabba ta fi rai, abin da babana ya sani bai taɓa shiga aji ba.

Tun daga nan na koyi cewa tausayin da bai yi tambaya ba ɓarna yake yi. Yanzu in na ga abu a rame, sai na tambayi mai shi ko da gangan ne, kafin in ɗauko gwangwani.