Indararon Malam da Akurkina

Ban taɓa shan wahalar damina irin ta shekarar da na zuba kaji a bayan gida ba. Gidanmu yana Dutse, a gangare, duk ruwan da ya sauko daga kan duwatsu sai ya gaishe mu kafin ya wuce. Da wannan na saba. Abin da ya kashe ni indararon maƙwabcina ne.

Maƙwabcin nan malami ne dattijo, mai makarantar allo. Shi ya yi wa mahaifina sallar gawa, shi ya raɗa wa 'ya'yana suna. Da rani ya yi sabon rufi, magina suka juyo bakin indararon ta kan katangata, daidai saman akurki. Ban kula ba sai da ruwan farko ya sauka.

Kajin kuwa ba na ado ba ne. Da ƙwansu ake yin cefane idan kasuwa ta ƙi ni.

Ba abin da ban yi ba. Na zuba ɓuntun shinkafa, ya jiƙe ya yi wari. Na zuba toka ta koma kunu. Na ɗaura leda, iska ta kai ta gidan wani. Na jera buhunan yashi, ruwan ya bi ta bayansu ya shiga abinsa. Da marka ta kankama, kaji suka tsaya cikin caɓi suna gyangyaɗi, fiffike a sake. Kullum sai na ɗauko gawar ɗan tsako.

Mai ɗakina ta ce, "Maigida, agwagi ka saya ne ba ka faɗa min ba? Ka je ka yi wa Malam magana mana!"

Na ce, "Ke kin iya zuwa?"

"Ni ce mai gemun?"

Bayan la'asar na tafi. Na durƙusa na ce, "Allah gafarta Malam, dama batun ruwan nan ne."

Ya ce, "Alhamdu lillahi! Bana Allah Ya yi mana rahama. Ko ɗigo ba ya zuba a ɗakin karatu yanzu." Ya kama hannuna, ya ce tun da muke zaune bai taɓa jin ƙorafi daga bakina ba, ya yi ta sa min albarka. To me zan ce? Na ce amin, na ɗauki takalmina.

Ina shiga gida ta kalli fuskata, ba ta ma tambaya ba. Ta nuna min kazar da ta fi kowacce ƙwai, kwance ta miƙe ƙafa.

Wuri ɗaya ne busasshe a gidan, wato 'yar rumfar da nake shimfiɗa tabarma in huta idan na dawo daga kasuwa. Washegari da safe na naɗe tabarmar, na rushe akurkin, na kwashi tubalan da kwanon rufinsa na kai can na soma gini.