Kujerar Bayan Kwamfuta

Lokacin da nake zuwa laburare a Kazaure ba ni da babbar waya, a kwamfutarsu nake buɗe imel. Dokar wurin ita ce ba a aika saƙo sai mai kula da ɗakin ya karanta. Dattijo ne, ya san mahaifina, kujerarsa kuma tana bayan tawa.

Wata rana na rubuta wa gidan rediyo cewa famfon unguwarmu ya lalace tun kafin azumi, mata sai sun je gindin dutse neman ruwa, kansila kuwa ko leƙe bai yi ba.

Dattijon ya gyara tabarau ya karanta. "'Yata, haka ake yi wa manya magana, ko sallama babu?"

Na sa sallama.

"Cire kansilan nan. Surukin maƙwabcinku ne, ina mahaifinki zai sa kansa?"

"Baba, to wa zan ce ya ƙi gyarawa?"

"Ki ce ana roƙon taimako. Ki ƙara da Allah ya ja zamanin shugabanni."

Na gaji da gardama, ga masu jiran layi suna ta tsaki. Na yi ta gogewa har saƙon ya koma gaisuwa da addu'a. Ya ce yanzu na yi rubutun 'yar mutunci, na aika.

A shirin gaishe-gaishe suka karanta shi. A rediyon mai shayi na ji, ina wucewa da jarka a ka.