Ruwan Baƙuwa a Ƙasar Tsafe

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Sabon Garin Gusau, mu huɗu da direba, a cikin wata tsohuwar fijo da sai an tura take tashi. Ɗalibai ne mu masu karatun lafiyar al'umma, maza biyu mata biyu. Malaminmu ya ce manyan duniya sun sha alwashin kawar da cutar kurkunu, mu je mu gano ko alwashin ya iso ƙauyukan sabuwar jiharmu. Shi dai yana ofis ƙarƙashin fanka.

Bungudu muka fara nufa. Gidajen mai duk a bushe, layin motoci ya kwana ya wuni, dole muka sayi galan a hannun 'yan bumburutu, farashin ya ninka na makon jiya. A bakin tasha muka karya da koko da ƙosai. Abokiyar tafiyata, wadda iyayenta 'yan Kudu ne masu shago a unguwarmu, ta fi ni iya ciniki da Hausa, har mai ƙosan ta yi mata gyara ni ta hana ni. Muka wuni muna yawo har Karakkai, muna tambayar mutane inda suke ɗibar ruwa. Wani dattijo ya ce mu ne ayari na uku da suka yi masa wannan tambayar, kuma tafkin bai matsa daga inda yake ba. Muka koma Gusau da yamma ƙafafuna sun kumbura.

Washegari muka ɗauki hanyar Tsafe. Daidai duwatsun Kwatarkwashi mota ta fara hayaƙi. Kafin mu ankara direba ya ɗauki jarkar dafaffen ruwan da na kwana ina tanada, ya juye ta kaf a lagireto. Na yi masa masifa har muryata ta dushe, ya ce to in zaɓa, ko ni in sha ko mota ta sha. A Tsafe mazan suka sayi balangu mai yaji, ni ma na ci, ban yi tunanin ƙishin da zai biyo baya ba.

Daga nan muka bar kwalta. Ruwan farko ya sauka, ko'ina mutane ne a gona suna shuka, mota na tsalle a kan kwazazzabai har sai da na daina jin bayana. Rana ta take muka isa ƙauyen da aka tura mu. A zauren gidan da aka sauke mu, maigidan na kwance a tabarma, ƙafarsa a kumbure, farin zaren kurkunu ya leƙo daga idon sawu an naɗe shi a ɗan tsinke. A littafi na sha ganin hotonsa, amma ido da ido sai ranar. Ya ce maƙwabta sun gama shuka gero, tasa gonar ko sara ɗaya ba a yi ba.

Mazan suka zauna da shi, mu mata muka shiga ciki. Uwargidan, tsohuwa mai fara'a, ta shimfiɗa mana tabarma ta nufi randa. A hanya mun wuce tafkin da suke ɗiba, ruwan kamar kunun kanwa. Na san ƙwayar cutar a cikinsa take, na san wanda ya sha bana sai baɗi tsutsar za ta huda masa ƙafa. Ga ƙishi ya busar mini da maƙogwaro, ga shi ba a mayar da ruwan baƙo. Na fara laluben ƙaryar da zan yi, har na yi niyyar cewa azumi nake, sai na tuna yajin balangu na nan a leɓena.

Ba ta miƙo moɗar ba. Ta shiga ɗaki, na ji tana sauke kwanonin jere, ta fito da wani farin ƙyalle a ninke, fes da shi kamar yau aka yanko. Ƙyallen tace ruwa ne, irin wanda ma'aikatan lafiya ke rabawa. Ta ɗaura shi a bakin ƙwarya, ta tace ruwan a hankali, ta miƙo mana.

Na sha har na ƙoshi. Sannan na ce, "Inna, ashe kuna da shi. Me ya sa yake sabo haka?"

Ta ce, "Guda ɗai anka ba mu, ɗiyata, tun bara waccan. Shi ya sa munka aje shi don baƙi irinku, ku da cikinku bai saba ba."

Tana cikin ɗauraye shi sai jikarta ta shigo da gudu daga wasa, yarinyar da ba ta fi shekara biyar ba. Ta tsoma moɗa a randa ta kafa kai. Na miƙe zan ƙwace, amma ta riga ta shanye, tana goge baki tana kallona.

Na ce, "Inna, don Allah ku riƙa tacewa kullum. Don ku aka kawo shi, ba don mu ba."

Ta ninke shi a kan cinyarta, ta ce, "To, in ya yage ke za ki kawo muna wani?"

Tambayoyi aka aiko mu da su, ko ƙyalle ɗaya babu a motar.

A hanyar dawowa mazan na ta gardamar yadda za su tsara rahoto da Turanci. Mota ta sake mutuwa a mashigar Gusau, muka tura ta har muka gaji, na ƙarasa gida a kan kabu-kabu bayan magariba. Mahaifiyata ta ga fuskata ta ɗauka zazzaɓi ne, na ce mata gajiya ce kawai.

Abin da tafiyar nan ta koya mini bai da daɗi. A aji muna cewa rashin sani ke sa mutanen karkara shan gurɓataccen ruwa. Tsohuwar nan ta san amfanin ƙyallen sarai, ta iya ɗaura shi fiye da ni. Ɗaya tal ke gare ta, kuma ko a cikin gidanta, mu da muka fi su komai mu muka ci moriyarsa. Ni dai na san da yardar Allah ƙafata za ta kai baɗi lafiya. Ta yarinyar nan ce ban sani ba.