Ƙafa Biyu Gare Ni

Duk wanda ya zauna a unguwar tsofaffin mahaƙan kwal ta garin Herne, can a ƙasar Turawa, ya san Waltraud Kubitza. Ko bai san sunanta ba, ya san muryarta. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, ta ƙarar da ƙuruciyarta tana zuba wa maza miyar dankali a ɗakin cin abincin mahaƙa, inda in ba ka ɗaga murya ba sai a tattake ka. Aka zo aka rufe ramin kwal, muryar Waltraud kuwa ta ƙi rufuwa. Mijinta Alfons kiwon tattabaru yake yi. Da ya rasu ta raba wa abokansa tattabarun, gida ya yi tsit, irin shirun da ba za ta iya zama da shi ba. Abin da ya kai ta gidan ajiye karnukan da ba su da masu su ke nan, ta dawo da Kasper.

Ƙaton kare ne, baƙi da ratsin ja, idonsa na dama babu. Wayar shinge ce ta tsone shi tun yana kwikwiyo. Ba shi da faɗa ko kaɗan, sai dai in ka ɓullo masa ta makahon gefen nan ya firgita ya yi haushi. Haka ya yi wa wata maƙwabciya a matakalar bene, ita kuwa ta kai ƙara. Mai gidan hayar ya tare Waltraud a bakin ƙofa ya ce magana ɗaya ce: ko kare ya ci jarrabawar biyayya kafin bikin Ista, ko ya koma inda aka ɗauko shi.

To, sai filin ƙungiyar masu karnuka, can bayan layin dogo, inda ake haɗuwa duk Asabar cikin taɓo. Shugaban wurin Egon Strunk ne, dogo mai koriyar riga da usur a wuya, wanda in ya yi magana sai ka rantse shi ya ƙirƙiro kare. Darasin farko shi ne tafiya a ƙafa. Ka ce wa kare "Fus!", wato ƙafa, ya zo ya manne da gwiwarka ta hagu, ku tafi tare, ku juya tare, idonsa a kanka.

Kun ga inda matsalar take? Karen da ke hagunka, idonsa na dama ne yake kallonka. Kasper kuwa da wane idon? Sai ya riƙa murɗo wuya don ya gan ta da mai lafiyar, gindinsa ya fita waje, ya gitta gabanta. Da aka zo juyawa hagu, gwiwarta ta same shi a kunci bai gan ta ba, ya yi ƙara, ita kuma ta tafi rub da ciki a taɓo.

Ta miƙe tana tofar da ciyawa, ta zagayo da shi damanta, ta ce "Fus!" Wallahi sai ga kare ya miƙe sambal, idonsa a fuskarta, kamar an ɗinke su tare.

Usur ya tashi. Strunk ne, yana kiranta da Frau, wato uwargida.

"Frau Kubitza! Me nake gani haka? Hagu!"

"Herr Strunk, dubi karen nan da kyau. Ba shi da ido ta can."

"Wannan tsakaninsa da likita ne. A filin nan kare hagu yake bi, tun kakanninmu."

"Kakanninku me ya hana su dama?"

"Bindiga. Mafarauci da hannun dama yake riƙe bindiga."

Waltraud ta ɗaga jakar cefanenta sama kowa ya gani. "Ranka ya daɗe, ga tawa bindigar, albasa ce a ciki da burodi. Ƙafa kuka ce a faɗa masa, ba ku ce wacce ba. Ni kuwa ƙafa biyu gare ni!"

Aka kwashe da dariya, ban da Strunk. Ya ce da a ce ita ce ba ta da hannun hagu, da sai a duba a yi mata sassauci, amma a saninsa ba a yi wa kare wannan tanadi ba. Ku ji fa! Mutum ya rasa hannu a tausaya masa, dabba ta rasa ido a ce laifinta ne. Har ya ƙara da shawara: ta fizgi igiya da ƙarfi sau biyu ko uku, zai gane.

"Ka bari in rufe maka ido ɗaya in fizge ka, mu ga abin da za ka gane," in ji ta. Ta ja karenta suka tafi.

Fushi dai ba ya cin jarrabawa, ga Ista na matsowa. Waltraud ta zauna a kicin tana zagin Strunk a fili, Kasper ya zo ya ɗora mata makahon kuncin nan a gwiwa, kamar yadda ya saba in yana son a sosa shi. Nan ta bar zagin. Ashe in ya jingina da ita ya san inda take, ko bai gan ta ba.

Ta ɗauko tsohuwar tukunyar da ta taho da ita daga mahaƙa, ta kife ta a tsakar kicin. Ta dafa hantar kaza ta yanka ƙanana. Da farko ta koya masa ɗora ƙafafun gaba a kan tukunyar. Sai ta tsaya a makahon gefen, in kuncinsa ya taɓa gwiwarta ya samu hanta. Ta ɗan gusa, shi kuma ya gusar da ƙafafun baya ya nemo gwiwar. Haka suka yi ta zagaya tukunya duk tsawon hunturu, tsohuwa da kare, tana yi tana mita. Maƙwabciyar ƙasan bene ta aiko a tambaye ta ko rawa take koya. Waltraud ta ce a faɗa mata e, da Strunk za ta yi ranar bikinsa. Daga baya ta ɗauke tukunyar, sannan ta rage hantar, ya zama saura gwiwa da kunci kawai.

Ranar jarrabawa alƙali daga wani gari ya zo. Waltraud ta shiga fili da Kasper a hagunta. Ta ce "Fus!" Kunci ya manne. Suka miƙe, suka ratsa ta cikin mutane, suka zo juyawar nan ta hagu da ta taɓa kayar da ita. Ta juya, gindin Kasper ya zagayo sumul kamar ƙyauren da aka sa wa mai. Alƙali ya gyaɗa kai. Sun ci. Kasper ya zauna a gidansa.

Ana shan kofi a rumfar ƙungiya sai ga Strunk ya dafa kafaɗar alƙali yana nuna su da kofinsa.

"Ka ga wancan? Aikin filinmu ne. Da ta zo, a damanta take son sa shi, ni na tsaya kai da fata. Ba na faɗa miki ba, Frau Kubitza? Hagu ce daidai!"

Waltraud ta ajiye kofinta har ya fantsala. Hunturu guda a kan tukunya, bayanta har yau bai daina ciwo ba, wai aikin filinsu! Ta buɗe baki, duk rumfar na jiran muryar nan. Sai ta fasa. Ta bugi cinyarta ta dama, Kasper ya zagayo da gudu ya tsaya can, mai lafiyar idon nan ƙur a fuskarta. A haka suka bi ta gaban Strunk, a hankali, har bakin ƙofa.

"Hagu, Frau Kubitza!" ya ƙwala mata.

"An tashi daga makaranta, Egon," ta ce, ko waiwaye ba ta yi ba.