Ɗinkin da ba a yi mini ba

Cikina na fari a Garwa na yi goyonsa, a gidan surukata, mijina yana bisa hanyar Ngawundere da babbar mota. Kwaɗayina kalaba ne, farar ƙasar nan da masu ciki ke gaigaya. Ga kuma jajayen ƙwayoyin ƙarin jini na asibiti. Suka haɗu suka ɗaure mini ciki tamau. Sai in shiga bayan gida in yi ta nishi har idona ya yi ja, abin da zai fito bai wuce kashin akuya ba.

Ranar awo surukata ba ta tsayawa a waje, har ɗakin take bina. Ungozomar asibitin ta ce da ɗan Faransancinta, "Madam, sa ba? Babu damuwa?" To, wace mai cikin fari ce za ta ambaci bayan gida a gaban uwar mijinta? Lafiya lau, in ce. Surukata ta gyaɗa kai, ta samu 'ya mai kunya.

Wata hantsi na ji abu ya danno mini ta baya da nauyi. Na ɗauka abin da na saba ne, na ɗauki buta. Na tsuguna na yi nishin da na yi watanni ina koyo, iya ƙarfina. Ashe kan ɗiya ne. Ta fito gaba ɗaya a kan siminti, na ji na yage har baya.

Surukata ta naɗe jaririya, ta duba ni, ta ce, "Munyal, 'yata, haƙuri. Ruwan zafi zai haɗe shi. Mu wa ya ɗinke mu?" Asibitin nan da ƙafa ake zuwa, amma ba a kai ni ba. Ranar suna tana ta yi wa mata fahariya, wai na haihu ni kaɗai ko tari ba a ji ba. Ina zaune a gefe ɗaya na ɗuwawuna ina jin ta, raina yana tafasa.

Ruwan zafi bai haɗe komai ba. Tun daga nan iska ba ta neman izinina kafin ta fita ta baya. Na bar zuwa biki, na bar sahun mata a masallaci, aka ce girman kai ne ya kama ni. Da na kai kaina wurin likita daga baya, ya ce da a ranar aka zo, ɗinki ne kawai.

Yarinyar ta shiga lekwal, makarantar boko, bana. Ni kuwa har yau ban idar da sallar azahar ina da tabbacin alwalata ba.